Daga Antwerp zuwa Rijiyar Zaki: Bayani a kan Fataucin Tsofaffin Kayan Gyaran Mota da Kuɗin Fitonsu

GABATARWA

Wanda ya bar birnin Kano ta Kabuga ya kama hanyar Gwarzo, kafin ya isa sabon mazaunin Jami'ar Bayero zai ratsa Rijiyar Zaki, wadda ke cikin ƙasar Ungogo. In ya duba gefen hanya zai ga garejin makanikai nan da can, kuma da wuya ya rasa ganin wata akori-kura a ɗage bisa duwatsu, an cire injinta, mai ita yana zaune a inuwa yana jira. Abin da ya ke jira wani inji ne wanda ya riga ya yi shekaru yana aiki a Jamus, ko Japan, ko Amurka, har masu shi suka gaji da shi suka yar.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun wannan inji tun daga inda aka kwance shi har zuwa inda aka ɗaura shi, a ga abin da kowane zango ya ƙara a kan kuɗinsa. Za mu nuna cewa abin da direba ya ke biya, ƙarfen kansa kashi ne kawai daga ciki. Sauran kuɗin hanya ne, da na fito, da na canji, da na amana. Mun zaɓi wannan batu domin a cikinsa malamin Hausa zai sami sababbin kalmomi da tsohuwar al'adar fatauci a haɗe wuri guda.

1. ABIN DA YA HAƊA MANOMI DA INJIN WAJE

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano ta daɗe da suna wajen yawan jama'a. A 1965 M. J. Mortimore da J. Wilson suka fitar da bincikensu a kanta daga Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, daga baya kuma Polly Hill ta yi nata a Ɗorayi, aka buga a 1977. Abin da aka gani a lokacin shi ne, ba a barin gona ta huta. Kowace shekara a ke nomanta, taki ne kuwa ke riƙe da ita. Da rani jakai ke shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da mangaloli cike da taki. Watau rayuwar gonar ta dogara ga abin da zai ɗauki kaya tsakaninta da birni.

Yanzu gidaje sun cinye galibin gonakin Rijiyar Zaki kanta, amma na bayanta, wajen Rimin Gado da Gwarzo da sauran ƙauyukan Ungogo, suna nan. Dogaron nan bai gushe ba, abin hawan ne ya canja. Aikin da jaki ya yi, yau akori-kura da tifa da ƙananan motocin haya ke yin mafi yawansa. To, jaki in ya tsufa wani a ke saye a kasuwar ƙauye, ɗan ƙasa ne, a nan aka haife shi. Mota kuwa ba a nan a ke haihuwarta ba. Ranar da injinta ya buga, tumatirin manomi da albasarsa sun shiga hannun abubuwan da ke faruwa a Ikko, watau Legas, da bayan teku.

Ba kullum haka abin ya ke ba. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Ikko, aka kuma kafa masana'antun manyan motoci, har da ta Fiat a nan Kano da ta Steyr a Bauci. A zamanin ma'aikaci ya kan sayi sabuwar mota, ya sayi sabon kayan gyara a kanti. Da kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta karye, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka da ma'aikaci duka. Daga nan ne tsohuwar mota ta waje ta sami kasuwa, kayan gyaranta kuma suka biyo ta. Ba Nijeriya kaɗai abin ya shafa ba: rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci wajen miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa.

2. SUNAYEN KAYAN

Sunayen da a ke kiran waɗannan kaya da su, su da kansu labarin hanya ne. Tokumbo kalmar Yarabanci ce, asalinta suna ne da a kan raɗa wa yaron da aka haifa a ƙetaren teku; ta shigo Hausa domin ta Ikko kayan ke sauka. Beljiyam kuwa ta samu ne saboda tashar jiragen ruwa ta Antwerp, inda a ke loda motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma, ko da ya ke motar ta Jamus ce ko ta Holan. Ɗan Kwatano yana nuna tashar Jamhuriyar Benin. Abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya cikin sunayen uku da ya ambaci wanda ya ƙera kayan. Duka hanyar da suka biyo su ke faɗi. Mai saye kuma ya kan fifita su a kan sabon kaya mai araha, don yana ganin tsohon na asali ya fi sabon jabu ƙarko.

Sassan motar kansu Bahaushe ya hore su ga harshensa: burki, filogi, sitiyari, kafireta, giyabos, salansa, lagireto. Inda baƙaƙe biyu suka haɗu ya raba su da wasali, ya mai da harafin leɓe ya zama "f", a lagireto kuma "r" ta farko ta koma "l".

Amma kalmar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce fito. Asalinta ƙetarar da mutum ko kaya a kogi cikin jirgi, kuɗin fito kuwa ladan mai jirgi ne. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sun san shi sarai a mashigan Kwara, kamar yadda suka san gaisuwar da madugu ya kan bai wa sarakunan hanya. Turawan mulki su ma sun karɓi harajin ayari, har aka soke shi a 1907. Yau kuɗin fito shi ne harajin kwastan. Kogin ya zama teku, mai jirgin ya zama hukuma, kalmar ba ta canja ba.

3. INDA A KE KWANCE KAYAN

Kowace ƙasa da dalilin da ya sa ta ke zubar da mota da sauran ƙarfinta. A Japan doka ta tilasta a kai sabuwar mota bincike bayan shekara uku, sa'an nan duk bayan shekara biyu, kuma tsadar wannan ta kan sa mai ita ya rabu da ita tun injinta bai gaji ba. Sai dai sitiyarin motar Japan a dama ya ke, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilu na 1972, watau sitiyari a hagu. Don haka motar ba ta da amfani a nan a matsayin mota, amma injinta da giyarta suna da shi. Saboda wannan a kan yanka ta biyu, a ɗauki rabin gaba da inji da duk wayoyinsa. A Amurka kamfanonin inshora ne ke gwanjon motocin da suka yi haɗari. A Turai kuma dokokin hayaƙi da tsadar aikin makaniki ke kai mota maƙabarta da wuri.

Ba lalle ne ɗan kasuwa ya je waɗannan ƙasashe ba. Birnin Sharja, maƙwabcin Dubai, ya zama babban zango inda a ke tara kayan Japan da na sauran wurare, 'yan kasuwar Afirka su je su zaɓa. Wanda ba ya iya tafiya ya kan wakilta wani ɗan'uwa mazaunin can, ya riƙa aiko masa da hotuna ta waya. Wannan wakili, in an duba da kyau, aikin fatoma da dillali ya ke yi: shi ke saukar baƙo, shi ya san mai kayan kirki, shi ke tsayawa a ciniki, la'adarsa kuma tana cikin kuɗin injin.

4. SUNDUƘI DA JIRGI

Kayan suna tafiya ne cikin sunduƙin ƙarfe, wanda 'yan kasuwa ke kira kwantena. Iri biyu aka fi sani, mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40. Babban ya ninka ƙaramin wajen fili, amma nauyin da aka yarda kowannensu ya ɗauka kusan ɗaya ne, bai wuce tan talatin da 'yan kai ba har da nauyin sunduƙin. Daga nan hikimar lodi ta fito. Wanda ya cika babban sunduƙi da injuna zalla zai kai iyakar nauyi alhali rabinsa wofi ne. Wanda ya cika shi da ƙofofi da bamba da fitilu zai cika fili da kaya marasa nauyi. Gwanin lodi ya kan shimfiɗa injuna da giyabos a ƙasa, ya ɗora masu sauƙi a sama, ya cusa ƙanana a kowane lungu, domin kamfanin jirgi kuɗin sunduƙi ya ke karɓa, ko an cika ko ba a cika ba. Masu ƙaramin jari kuma su kan haɗa kai su yi sunduƙi guda, kowa ya shafa wa kayansa fenti da alamarsa, kamar yadda fatake su kan yi wa dabbobinsu a ayari.

Kuɗin jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2021, bayan annobar korona, ya ninka sau da yawa a duniya duka saboda ƙarancin sunduƙai da cunkoson tashoshi. Daga ƙarshen 2023 kuma hare-haren da aka riƙa kai wa jirage a Bahar Maliya suka sake ɗaga shi. Mai gareji a Rijiyar Zaki ba shi da hannu a ko ɗaya cikin waɗannan, amma ya biya rabonsa.

5. LISSAFIN FITO

Kafin kaya su taso, mai su zai buɗe takardar da a ke kira Fom M ta hannun banki. Hukumar Kwastan kuma, tun daga ƙarshen 2013 da ta karɓi aikin binciken kaya daga kamfanonin da ke yi mata, ita ke ba da takardar ƙiyasi mai suna PAAR. Harajin yana bin jadawalin bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS wanda ya fara aiki a 2015, mai matakai biyar: babu haraji, kashi 5, kashi 10, kashi 20, da kashi 35 cikin ɗari. Kowane irin kaya da lambarsa da matakinsa. Akwai kuma abubuwan da aka daɗe da haramta shigo da su, tsofaffin tayoyi na ciki.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ba a kan kuɗin sayen kaya kaɗai a ke ɗora haraji ba. A kan jimlar kuɗin saye da na jirgi da na inshora a ke ɗora shi. Ke nan in kuɗin jirgi ya hau, haraji ya hau tare da shi. Bari mu buga misali, adadin na ƙaddarawa ne domin a ga yadda lissafin ke tafiya, bisa tsarin da a ke bi a 2024.

A ƙaddara an sayi kaya na dala 10,000, jirgi da inshora suka ci 3,000, jimla 13,000. A ƙaddara kuma matakin kayan kashi 10 ne. Harajin fito ya zama 1,300. Sai ƙarin kashi 7 cikin ɗari na shi wannan haraji, watau 91. Sai rabin kashi ɗaya na jimlar domin ECOWAS, 65. Sai kashi ɗaya na kuɗin saye domin binciken kaya, 100. In an tara waɗannan duka da jimlar farko an sami 14,556, a kan wannan ne kuma a ke ɗora harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairu na 2020, ya ba da wajen 1,092. Abin da za a biya hukuma ya kama 2,648. Ashe harajin da aka ce kashi 10 ne ya tashi kashi 20 da ɗoriya, gama haraji ne bisa haraji. Dokar Kwastan ta 2023 kuma ta tanadi karɓar kashi 4 na kuɗin saye. Da aka fara aiki da shi a Fabrairun 2025 'yan kasuwa suka yi kuka har aka dakatar da shi a wannan karon. A misalinmu, wannan dala 400 ne.

To, duk wannan da dala aka lissafa, amma da naira a ke biya, bisa farashin canji na hukuma a lokacin. Nan ne babbar matsalar ta ke. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Dala 2,648 ɗin nan a farashin farko naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ce da 'yan kai. A na biyu ta kusa miliyan huɗu. Ba a ƙara ko kashi ɗaya a jadawali ba, amma kuɗin fito ya ninka fiye da sau uku. Wanda ya yi lodi a wani farashi, jirgi ya iso a wani, ya kan tarar ribarsa ta narke a teku. Dalar sayen kayan kuwa, ƙananan 'yan kasuwa galibi ba a banki su ke samunta ba, sai wajen 'yan canji irin na Wapa a Fagge.

Akwai wata wahala ta musamman ga tsohon kaya. Sabon abu yana da farashin kamfani wanda kowa zai iya dubawa. Tsohon inji kuwa nawa ne ƙimarsa? Mai kaya yana son a ƙaddara shi da araha, jami'i yana tsoron an rage, don haka a kan yi jayayya, wani lokaci a ɗaga ƙimar. Kuma tun da manufar motoci ta 2013 ta kai harajin ƙananan motoci kashi 35 da ƙarin wani kashi 35, aka sami masu kwance mota sukutum su kira ta kayan gyara, abin da ya sa a ke tsananta binciken irin waɗannan sunduƙai, mai gaskiya ya sha jinkiri tare da marar gaskiya. Jinkiri kuwa kuɗi ne: bayan 'yan kwanakin alfarma, kamfanin jirgi yana cajin sunduƙinsa kullum, masu tasha suna cajin filinsu. Ga kuma ladan wakilin fito, wanda ba a iya yi sai da shi.

6. DAGA TEKU ZUWA ƘOFAR RUWA

Daga Apapa ko Tin Can zuwa Kano tafiyar wajen kilomita dubu ce. Kamfanin jirgi ya kan riƙe kuɗin jingina har a mayar masa da sunduƙinsa, saboda haka da yawa su kan sauke kaya a Ikko su sake lodawa a tirela. Waɗansu ma ba sa shigo da kaya da kansu. A kasuwar Ladipo ta Mushin su ke sara, ko a Nnewi da Nkpor, inda 'yan kasuwar Ibo suka yi zarra a wannan sana'a. Gwamnati ta yi ƙoƙarin kawo bakin teku kusa: an buɗe tashar tudu ta Kaduna a Janairun 2018, ta Dala kuma a Zawaciki ta ƙasar Kumbotso a Janairun 2023, da nufin a yi fiton kaya a arewa. Amfanin irin wannan tasha ya rataya ga jirgin ƙasa, wanda ya fara isa Kano tun 1911.

Hanya ta biyu ita ce ta Kwatano, a bi ta Parakou da Malanville, a ƙetare Kwara zuwa Gaya, a zo Maraɗi, a shigo ta Jibiya. Ta yi tashe shekaru da yawa domin sauƙin harajin Benin. Amma an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu 2017, an rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma ya jawo rufe gadar Malanville. Kowane rufi ya kan tsananta fasa-ƙwauri, ya kuma ƙara tsada.

A Kano babbar matattarar kayan ita ce kasuwar Ƙofar Ruwa. Nan makanikin Rijiyar Zaki ya ke zuwa, sau da yawa da mataccen ƙarfen a hannunsa don a gwada da shi, mai mota yana biye.

7. AMANA

Saura kashi na ƙarshe, wanda ba ya cikin kowane jadawali. Inji rufaffen abu ne, ba a sanin cikinsa sai an ɗaura an tayar. Malaman fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ɗalibin Risala ya sani, sun hana cinikin garari, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya in aibin da aka ɓoye ya bayyana. Kasuwa ta sama wa kanta mafita kusa da wannan: a kan ba da 'yan kwanakin gwaji ga inji da giya, in ya ƙi a canja, kayan wuta kuwa galibi ba a karɓarsu in sun fita. Mai shago ya san cikin kowane sunduƙi akwai matattu, don haka ya kan raba hasararsu a kan masu rai. Makaniki kuma yana da ihisaninsa a wajen mai shago. Mai mota, wanda shi ne ƙarshen layi, shi ke ɗauke da kowa, sa'an nan ya juya ya ɗora wa manomi a kuɗin buhu.

KAMMALAWA

Mun ga inji ɗaya ya bi ta hannun mai kwancewa, da wakili, da mai jirgi, da kwastan, da ɗan canji, da direban tirela, da mai shago, da makaniki, kafin ya ɗauki taki zuwa gona. Tsarin na fatauci ne irin na kakanni, da zangonsa da fatomansa da fitonsa. Bambancin guda ne, kuma babba: fataken dā sun fita da baƙi da jan fata na Kano suka komo da goro, na yau kuwa da dala su ke fita su komo da abin da waɗansu suka gama mora.

Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce su tura ɗalibansu garejoji da Ƙofar Ruwa, su rubuto kalmomin sana'ar daga bakin masu ita, da yadda a ke ƙulla ciniki da warware shi. Lissafin da ke sashe na biyar kuma ya isa darasin kashi cikin ɗari a aji, ɗalibi ya sa adadin da ya jiyo a kasuwa ya buga da kansa.